Tambaya Mabuɗin Ilimi: Tsohuwar i7 ko Sabuwar i5?

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka taru mini a watan nan kamar an haɗa baki, kusan kowa a kan firosesa yake tambaya. Na tsamo huɗu. Amma bari in fara raba wata gardama da nake sha da yaran shagona. A kasuwa akwatin nan gaba ɗayansa ake kira sifiyu, ni ma haka nake cewa in ina ciniki. Ainihin mai sunan kuwa wata 'yar aba ce mai kusurwa huɗu, ba ta fi kwalin ashana faɗi ba, tana kwance a ƙarƙashin fanka a kan bod, wato babban farantin da duk kayan cikin kwamfuta ke haɗuwa a kansa. Duk inda na ce firosesa, ita nake nufi.

TAMBAYA: Malam, ina da shagon buga takardu a Samaru, Zariya. Aikina taifin ne da CorelDraw da yi wa ɗalibai rajista a intanet. Na je sayen kwamfutar tebur ta gwanjo, na tarar da guda biyu kusan kuɗi ɗaya: ɗaya i7-2600, ɗaya i5-8500. Mai shagon ya ce i7 gaba take da i5 ko a gidan wa, kuma ita 3.4 aka rubuta mata, waccan 3.0. Wacce zan ɗauka?

AMSA: Alhaji, ɗauki i5 ɗin, kada ka ko waiwaya.

Mai shagon bai yi maka ƙarya tsagwaronta ba, rabin zance ya faɗa maka. I7 gaba take da i5, amma fa idan 'yan shekara ɗaya ne. Kamfanin Intel yana fitar da firosesa zubi-zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira jen, kuma lambar zubin tana nan a fili: lambar farko bayan karan ɗorin nan (-). A 2600, zubi na 2 ke nan, ya fito a 2011. A 8500, zubi na 8, ita wannan ta fito a 2018. Idan lambobin sun kai biyar, kamar 12400, to biyun farko ake karantawa, wato zubi na 12. Ka ga abin da aka ajiye a gabanka babbar Marsandi ce ta zamanin Shagari da kuma Corolla ta shekaran jiya. Marsandin ita ce ta manya a lokacinta, babu musu, amma ba da ita za ka yi jigilar Kano zuwa Kaduna kullum ba.

Sai batun 3.4 da 3.0 da ya ruɗe ka. Wannan lambar yawan taku ce, wato sau biliyan nawa firosesa ke bugawa a daƙiƙa ɗaya. Ba ta faɗin aikin da ake gamawa a kowane bugu. Jaki ya fi raƙumi yawan taku, amma ka saki su tare ka ga wanda zai riga isa. Sau da yawa sabon zubi yana gama aiki mai yawa a bugu ɗaya fiye da tsoho, shi ya sa ba a gwada wannan lamba sai tsakanin 'yan gida ɗaya. Kuma ko a takun ma i5 ɗin ba baya ba ce: 3.0 ɗin nan matakin farko ne, idan aiki ya taso tana hawa har 4.1, ita kuwa i7-2600 iyakarta 3.8.

A cikin kowace firosesa akwai ƙwayoyi masu yin aikin, ka ɗauke su kamar teloli a shago. I7-2600 teloli huɗu gare ta, kowanne an ba shi keke biyu don kada ya zauna jira. I5-8500 teloli shida gare ta, keke ɗaiɗai, amma kowannensu ya fi na waccan hannu. Tsohuwar an yi mata lissafin wat 95, sabuwar wat 65. Ga aiki ya fi, ga wuta ta ragu, ga zafi ya ragu. Kai da ke tayar da janareto rabin yini ka san abin da wannan ke nufi a aljihu.

Akwai abin da ya fi waɗannan duka, kuma na tabbata mai shagon bai taɓo shi ba. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na 8 take farawa a ɓangaren Intel, daga Ryzen 2000 a ɓangaren AMD, kamfanin da ke gogayya da Intel wajen ƙera firosesa. Na sani, yara a kasuwa suna da dabarar cusa ta a kan tsofaffin kwamfutoci, ni ma na sha yi wa waɗanda suka matsa. Amma mutumin da ke shigar da bayanan jama'a da lambobin katin banki a shafukan rajista bai kamata ya zauna a kan dabara ba. Wannan sharaɗi na Windows 11 ma shi ne dalilin da ya sa kasuwanninmu suka cika da 'yan zubi na 4 da na 6 da na 7 a kan araha: ofisoshin Turai da Amurka ne suka sauke su, aka loda a kwantena zuwa Legas. Har i7-7700 ta 2017, wadda ba laifi ƙarfinta, ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su.

Kada kuma ka yarda da sitika. Sitika ko ni ina da su a durowa. Ka sa a kunna maka kwamfutar, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka taɓa CPU. Cikakken sunanta zai fito a sama ta hannun dama. In aka ce babu wuta ba za a iya kunnawa ba, to ka ce za ka dawo, sayen kifi a ruwa ba naka ba ne.

In ka saya, sauran canjin da ya rage kada ka kai shi ko'ina sai kan SSD, wato ma'adanar fayiloli ta zamani da ba ta da faifai mai juyawa. Kwanaki wani mai irin sana'arka ya kawo mini kwamfutarsa yana faɗa, wai an cuce shi, i7 ce amma kafin ta gama tashi sai ya share shago ya dawo. Na buɗe na tarar da tsohon faifai mai juyawa a ciki. Irin wannan faifan da ƙyar yake wuce megabayit 150 a daƙiƙa, ƙaramar SSD kuwa tana kai 500, kuma wajen tsinto ƙananan fayiloli tazarar ta fi haka nesa ba kusa ba. Na sauya masa, na ƙara ram, wato wurin da kwamfuta ke baje aikin da take kan yi, ta koma giga 8. Da ya dawo ɗauka sai da ya leƙa bayan akwatin ya tabbatar tasa ce. Firosesarsa ba ta taɓa gajiya ba, zaune take tana jiran faifai ya miƙo mata aiki.

TAMBAYA: Yallaɓai, ina tace bidiyon biki da tallace-tallace a Jos, da Premiere Pro. Yanzu masu biki bidiyo mai tsananin tsabtar hoto, wato 4K, suke nema. Na tara kuɗi zan haɗa sabuwar kwamfuta. Abokaina sun ce in ba i9-13900K ba, to ɓarnar kuɗi zan yi. Wani kuma ya ce i5-12400 ta ishe ni. Ina gaskiyar take?

AMSA: Ƙanena, kai ne mutum ɗaya cikin goma da nake yarda babbar firosesa za ta iya biya masa kuɗin sabulu. Tace bidiyo na cikin ayyukan da ke raba wa kowane tela nasa ɗinkin. Idan ka danna fitar da bidiyo, duk ƙwayoyin da ke ciki sai sun tashi tsaye. I5-12400 ƙwaya 6 gare ta. I9-13900K tana da 24: manya 8 masu ɗaukar nauyi, ƙanana 16 masu tallafa musu. Wanda amarya ke kira sau biyar a rana tana tambayar ina faifanta, shi ya san darajar awa guda.

Sai dai abokanka kuɗin doki kawai suka faɗa maka, ba su faɗi na dawa da na barga ba. Lokacin da suka fito a 2022, farashin da Intel ta sanya wa 12400 dala 192 ne, na 13900K dala 589. Ninki uku ke nan tun kafin a je ko'ina. To 12400 da fankarta take zuwa a cikin kwali, tana zama lafiya a kan bod mai sauƙin kuɗi irin B660, wat 65 aka rubuta mata. Ita 13900K ba ta zuwa da fanka sam. An rubuta mata wat 125, amma Intel da kanta ta ce idan ta miƙe tana jan 253. Wannan ita kaɗai ke nan, ba a sa katin girafik mai sarrafa hoto ba, ba a sa allo ba. Dole ka sayi babbar na'urar sanyaya, galibi mai ruwa, dole bod mai ƙarfin ɗaukar wutar, dole babbar fawa mai inganci, wato na'urar da ke raba wa kayan ciki wuta, dole akwati mai shan iska. Kafin ka ankara, rarar da ke tsakaninsu ta haifi 'ya'ya.

Ka yi sa'a kana Jos. Da a nan Kano kake, inda a watan Afrilu ma'aunin zafi ke haura 40, da na ƙara ja maka kunne. Firosesa idan ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Na sha ganin i9 a ɗakin da babu iyakwandishan, ƙurar hunturu ta toshe mata ragar sanyaya, tana aiki kamar i5 alhali tana shan wuta kamar dutsen guga. Mai ita ya biya kuɗin ƙarfin da ɗakinsa ba zai bar shi ya mora ba.

Akwai kuma maganar da ta karaɗe duniya a 2024. Intel ta amsa cewa wasu manyan firosesocinta na tebur, zubi na 13 da na 14, suna neman ƙarfin wuta fiye da kima, abin da ke sa su lalacewa a hankali har kwamfuta ta riƙa tsinkewa. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune a jikin bod, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. To gyaran rigakafi ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta ji ciwo. Garantin kuma, kai da ni mun san yadda yake a nan: wa za ka mayar wa, a wane ofishi? Saboda haka idan ka nace sai ita, sabuwa fil za ka saya, a sabunta BIOS ranar da aka haɗa. Ta hannu kuwa ko da rabin kuɗi aka ba ka, ni dai ba da yawuna ba.

Da kuɗin a hannuna suke, ga yadda zan kasa su. Zan tsaya a tsakiya, ko i5-13500 mai ƙwaya 14, ko kuma in leƙa gidan AMD in ɗauki Ryzen 7 7700 mai ƙwaya 8 da wat 65, sai dai ita ram ɗin DDR5 kaɗai take karɓa. Abin da na tsira da shi in zuba a ram giga 32, da SSD mai saurin nan irin NVMe guda biyu, ɗaya ta manhaja ɗaya ta aiki, da katin girafik mai kyau. Tsayawar da hoto ke yi maka yana ƙyafta ido idan kana jan 4K a kan layin aiki, sau da yawa daga waɗannan take, ba daga firosesa ba. In Intel ka zaɓa, ka guji mai harafin F a ƙarshe, domin ita babu girafik a cikinta. Ƙaramin girafik ɗin da ke cikin firosesar yana ɗauke da Quick Sync, wanda Premiere ke amfani da shi wajen warware bidiyon H.264 da H.265, irin wanda kyamarorinku da wayoyi ke ɗauka. Mutane na rage 'yan daloli su sayi mai F, su yar da abin da ya fi yi musu amfani.

Ranar da ka kai matsayin da kwamfutarka ke kwana tana fitar da aiki, wani na jiran layi, kana da sola ko layin wuta tsayayye da ɗaki mai sanyi, to ka zo mu yi maganar i9 ko Ryzen 9 7950X mai ƙwaya 16. A lokacin ita za ta riƙa biyan kuɗin kanta.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Bauchi. Na haɗa kwamfuta da i3-12100F, fanka na juyawa, fitila na kamawa, amma allo baƙi ƙirin. Ko an sayar mini da matacciya ne?

AMSA: Ɗana, kwantar da hankalinka, da alama lafiyarta ƙalau. F ɗin nan ma'anarsa babu girafik a cikinta. Ramin HDMI da kake gani a bayan bod ba shi da abin da zai aika wa allo sai firosesa ta ba shi. Ka samo katin girafik ko na aro ne ka soka, ka mayar da wayar allon jikin katin, hoto zai fito in sha Allahu. In ba ka da kuɗin kati, ka roƙi mai shagon ya musanya maka da 12100 marar F ka cika masa. Haka abin yake a AMD: Ryzen 5 5600 ba ta da hoto, 5600G ce mai shi.

Kada kuma wani ya raina maka ita don an ce i3. Ƙwaya 4 gare ta masu keke bibbiyu, daidai da i7-2600 ɗin da muka yi magana a sama, amma ta ninka ta aiki. Dala 97 aka sa mata da ta fito, waccan kuwa a zamaninta kusan dala 300 ce.

TAMBAYA: Malam, ni shugabar wata makarantar 'yan mata ce a Maraɗi. Mun samu tallafi za mu sayi kwamfutoci goma na koyon rubutu da lissafi da shiga intanet. Da sola za mu riƙa kunna su. Wani ya ba mu shawarar mu sayi biyar masu ƙarfi maimakon goma marasa ƙarfi, wai sun fi daɗewa. Me ka gani?

AMSA: Hajiya, Allah ya saka da alheri, ya albarkaci yaran. Goma za ki saya. Yarinyar da ke koyon inda haruffa suke a kan kibod ba ta san i3 ba, ba ta san i7 ba, abin da ta sani shi ne ko ta samu kujera ko tana tsaye a bayan ƙawarta.

Zancen daɗewa kuma ba haka yake ba. A shekarun da na yi ina buɗe kwamfutoci, firosesa ce ta ƙarshe a jerin abubuwan da ke mutuwa, mai tsada ce ko mai araha. Abin da ke kawo mini su shago fawa ce da wuta ta buga, da faifai, da fankar da ƙura ta shaƙe, da bod ɗin da tsawa ta bi ta waya ta ƙona. Babu ɗaya daga ciki da ke tambayar farashin firosesa kafin ya faru.

Tunda da sola za ku yi aiki, harafin da za ki nema shi ne T. Akwai 'yan ƙananan kwamfutocin ofis da ba su fi littafi mai kauri girma ba, HP na kiran nata Mini, Dell na cewa Micro, Lenovo na cewa Tiny. Yawancinsu firosesa mai T ce a ciki, kamar i3-8100T ko i5-8500T, masu wat 35, kuma da caja irin ta laftof suke aiki. Duka biyun zubi na 8 ne, za su ɗauki Windows 11 ba tare da dabara ba.

Ga lissafin da nake so ki nuna wa mai haɗa muku solar. Batir mai amfiya 200 da bolt 12, a takarda wat-awa 2,400 yake ɗauka. Idan irin mai ruwa ne ko jel, rabin wannan ake so a sha in ana son ya yi kwana, wato 1,200. Mu ƙaddara kowace ƙaramar kwamfuta da allonta suna jan wat 50. Goma sun zama 500, batir ɗaya zai riƙe su awa biyu da 'yan mintoci, kafin a cire abin da inbata ke ci. Mu ƙaddara manyan akwatunan da aka ba ki shawara suna jan wat 150 kowanne da allonsa. Biyar sun zama 750. Rabin ɗalibai ke nan a zaune, wutar kuma ta fi ta goman. Sannan ƙananan ba sa dumama aji, abin da duk wanda ya san Maraɗi a watan Mayu zai gode masa.

Ki sa sharaɗi a takardar sayen: kowacce da SSD, da ram giga 8, da cajarta ta asali, kuma duka goman samfuri ɗaya, don in ɗaya ta samu matsala a iya ɗaukar kayan wata a gwada. Ki ƙara caja biyu a ajiye a ofis. A ɗinka musu rigunan yadi a riƙa rufewa bayan an tashi, kuma duk ƙarshen zango a sa wani ya buɗe murfin ya hure ƙurar, musamman bayan hunturu. Murfin irin waɗannan da sukuru ɗaya yake a baya, wasu ma da yatsa ake kwance shi, malamin da ke koyar da darasin zai iya da kansa.